Kwanon Tela Ya Koma da Saura

A layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi har yanzu muna ciyayya. In na faɗi haka a ofis sai a dube ni kamar na ce a kan jaki nake zuwa aiki, wai al'adar ta zamanin kakanni ce. Mu dai muna yi. Da an idar da sallar magariba kowane magidanci zai shiga gida ya fito da kwanonsa, a haɗu a dakalin ƙofar gidan Alhaji, a shimfiɗa tabarma, a ci tare kafin a kira isha'i.

Mu biyar ne. Alhaji mai shagon kayan gini shi ne babba. Akwai wani malamin makaranta wanda bai cika magana ba, akwai Direba mai adaidaita sahu wanda bakinsa ba ya hutawa. Sai Tela, sai ni da suke ce wa Akawu, saboda aikin ofis da nake yi a Tarauni.

Ciyayya tana da dokokinta, kodayake ba wanda ya taɓa zama ya faɗe su. Ba a buɗe kwanuka gaba ɗaya, Alhaji ne ke janyo su ɗaya bayan ɗaya. Ba a cewa wannan na gidan wane ne, duk da kowa ya san murfin kowa. Kuma dole ka sa hannu a kowane kwano, domin tsallake kwanon mutum tsallake gidansa ne. Abin da baƙo ba zai gane ba shi ne, kwanon nan gida zai koma, kuma matar gida sai ta ɗaga murfi ta duba. In an sude shi tas, girkinta ya karɓu a waje. In ya dawo da saura ba za ta ce komai ba, amma maigida zai ji a jikinsa.

Ni a gida ba mai ci ba ne. In ni kaɗai ne, rabin malmala ta ishe ni. Amma da na zauna cikin mutanen nan, hira na tafiya hannu na tafiya, sai in tashi da ƙyar. Direba kuma ya saba mana da lemo mai sanyi, in ya yi ciniki ya zo da shi a leda, kowa kwalba guda. Shekara da shekaru muna haka, ban taɓa ɗaukar abin da nake ci a dakalin nan a matsayin abinci ba. A wurina zumunci ne.

Tela abokina ne tun muna yara, layi ɗaya muka tashi. Shagonsa yana kan hanyata ta zuwa ofis, da tsohon kekensa na ƙafa. Ɗinki ya ja masa baya tun da samari masu sababbin injuna suka cika unguwa, kuma ana ganin haka a kwanonsa. Kullum farar shinkafa ce da mai da yaji, in an canza a yi taliya da manja. Kwanon Alhaji kuwa tuwon shinkafa ne da miyar taushe, nama na leƙowa. Ba sai an faɗa ba, kowa loma biyu yake yi a na Tela ya cire hannu, yana ajiye wuri saboda na Alhaji.

Na lura da wannan tun da daɗewa, ya kuma ƙona mini rai. Sai na ɗora wa kaina aikin share kwanon Tela. In kowa ya cire hannu sai in janyo shi gabana in ce, "Ku dai ba ku san daɗi ba. Ni duk duniya ba abin da ya kai mini shinkafa da mai da yaji." In tashi da ita tas, har in bi gefe da yatsa. Direba ya naɗa ni Sarkin Shinkafa, sunan ya bi ni. Ni da Tela ba mu taɓa yin maganar ba, ko sau ɗaya.

Da ƙishirwa abin ya fara. In sha ruwa kamar an aiko ni, in yi ta zaryar banɗaki. Daga baya yatsun ƙafata ta hagu suka fara yin dindiris, kamar na daɗe a zaune a kansu. Na san wannan hanyar, domin na ga mahaifina ya bi ta. Ciwon suga ne ya ci ƙafarsa, daga ɗan ƙurji a yatsa har aka yanke ta daga gwiwa. Duk da haka sai da na yi wata biyu ina cewa gajiya ce, kafin maiɗakina ta tasa ni gaba zuwa asibiti.

Likitar mace ce, ba ta kai ƙanwata ba a shekaru. Ta duba takardar gwajin, ta ɗago ta ce, "Malam, me kake ci da daddare?"

Na ce tuwo, ɗan kaɗan.

Maiɗakina da ke zaune a gefe ta ce, "Likita, tambaye shi na gida nawa."

Na harare ta, amma magana ta riga ta fita. Dole na lissafa: namu, na Alhaji, na malamin makaranta, na Direba, sannan kwanon Tela gaba ɗayansa, a kora da lemo. Likita ta ajiye biro. Ta sa na cire takalmi na rufe ido, ta riƙa taɓa tafin ƙafata da wani siririn tsinke na roba tana cewa in faɗa in na ji. Wasu wuraren na ji. A babban yatsa da na kusa da shi sai na ji shiru, har na buɗe ido don in ga ko ta daina, na tarar tsinken yana kan yatsan.

Ta ce, "Ƙafar nan har yanzu kai ke da iko da ita. In ka ci gaba da cin gida biyar, wata rana mu za mu yanke shawara a kanta, ba kai ba." Ta rubuta magani, ta lissafa abin da zan rage da abin da zan bari: lemo, sukari a shayi, tulin farar shinkafa da taliya. Ta ce in yawaita ganye da wake, in riƙa tafiya a ƙasa.

Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Amma kafin mu iso gida tsoron ya koma zuciya. Na ce a raina, wallahi ba za a yanke ni ba. Washegari na bar hawa adaidaita, na taka daga Gyaɗi-Gyaɗi har ofis, na iso ina haki riga ta jiƙe. Maiɗakina ta koma tuwon alkama da acha da faten wake. Duk wannan bai ba ni wahala ba. Inda na yi wauta shi ne da na ce mata kada ta kuskura kowa ya ji.

Ta ce, "Har Tela?"

Na ce, "Har shi."

Dalilina a lokacin ya yi mini kama da hankali. Na tuna yadda aka daina kiran mahaifina da sunansa, aka koma cewa "mai sugan nan". Na tuna yadda kowa ya zama likita a kansa, wannan ya kawo saiwa, wancan ya kawo gari a ƙullin leda. Ba na son a riƙa yi mini sannu a dakalin da nake tsokanar mutane. Girman kai ne kawai, amma a lokacin na sa masa suna sirri.

Sai na shirya dabara. Zan sa hannu a kowane kwano kamar yadda doka ta ce, amma loma ƙarama, miya da yawa, ina tauna a hankali ina jan hira. A kwano huɗu dabarar ta yi aiki, ba wanda ya lura. Na manta cewa kwano na biyar a kaina ya dogara.

Ranar farko kowa ya yi lomarsa biyu ya cire hannu, ni ma na cire. Shinkafa ta tsaya fiye da rabi, man yana ƙyalli a kanta. Ana jira in janyo, ban janyo ba.

Direba ya ce, "A'a, yau Sarkin Shinkafa ya yi murabus ne?"

Na ce cikina ne ba daɗi. Tela ya miƙa hannu ya mayar da murfi.

Ciki ba ya yin mako guda ba daɗi. Abin da ya ƙara ɓata lamarin, a watan aka yi mini ƙarin girma a ofis, ga kwanona kuma ya koma acha da alkama, waɗanda kowa ya san sun fi ƙarfin talaka. Direba ya samu abin yi. "Akawu an zama manya," in ji shi, "yanzu cikin ba ya karɓar mai da yaji, sai abincin masu kujera mai juyawa." Aka yi dariya. Na dubi Tela, shi ma yana murmushi, amma idonsa na kan tabarma.

Ranar ban iya jurewa ba. Na janyo kwanon na share shi tas kamar da, na karɓi lemon Direba na shanye. Tela ya ɗauki kwanonsa ya shiga gida da sauri-sauri, na ji daɗi har raina. Da safe na soki yatsa na ɗiga jini a 'yar na'urar awon suga da likita ta sa na saya, lambar da ta fito ta sa na zauna a bakin gado. Maiɗakina ta leƙa ta gani.

Ta ce, "Malam, kai za ka ci don kunya, ni zan yi jinya. Mahaifiyarka ta yi, na gani da idona. Ni ban shirya ba."

Na dubi yatsun nan biyu, na motsa su, suna motsi amma kamar na wani. A nan na yanke cewa ko dakalin zai tsage ba zan ƙara ba. Kuma ban ƙara ba.

Kwanon Tela ya ci gaba da komawa da saura. Bayan 'yan kwanaki ya fito hannu rabbana, ya ce iyalin ba ta jin daɗi. Ya zauna ya ɗan taɓa na mutane kamar baƙo. Kwana uku a haka, a na huɗu bai zo ba. Na hango shi bayan sallah ya bi ta bayan masallaci ya zagaya, don kada ya wuce ta gabanmu. Shekara talatin da wani abu ban taɓa ganin bayansa yana guje mini ba.

Alhaji ya bari sai da aka watse ya ce, "Akawu, zo. Me ya haɗa ka da mutuminka?"

Na ce ba komai.

Ya ce, "Ba komai ba ya hana mutum fitowa da kwano. Ka gyara. Ni ban saba cin abinci da gurbi a tabarma ba."

Na shiga gida raina a ɓace, ina jin haushin Direba da bakinsa, ina jin haushin Tela da saurin fushinsa. Da na gama rabon haushin sai na ga babban kaso nawa ne. Komawa cin shinkafar ba ya cikin lissafi, wannan na rufe. Barin Tela ya tafi shi ma ba zan iya ba. Abu ɗaya ya rage, wanda na fi ƙi.

Washegari da na taso daga ofis, wajen la'asar, na tsaya a shagonsa. Na yi sallama ya amsa, bai ɗago ba, ƙafarsa na kan keke yana ta tafiya da wata rigar makaranta.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗinki aka kawo?"

Tunda muke bai taɓa ce mini ranka ya daɗe ba. Maganar ta soke ni, zuciya ta taso, na ce masa ya tsayar da keken nan. Na zauna a benci, na cire takalmin hagu, na ɗora ƙafar a kan kujerar da ke gabansa. Na ɗauki fensirin da yake rubuta awo na miƙa masa.

Na ce, "Zan rufe ido. Ka taɓa babban yatsan nan da gindin fensir."

"Wane irin wasa ne wannan?"

"Ka taɓa dai."

Na rufe ido. Ina jin ƙarar adaidaita a titi, ina jin mai rake yana kiran ciniki. Na jira har na gaji, na ce, "To ka taɓa mana."

Ya ce, "Tun ɗazu nake dannawa."

Na buɗe ido. Ya saki fensirin ya faɗi ƙasa, yana kallon ƙafar. Ba sai na yi masa dogon bayani ba. Lokacin da aka sallamo mahaifina daga asibiti, Tela ne ya kwashi wandunansa gaba ɗaya ya naɗe ƙafar hagu ya ɗinke, don kada ta riƙa jan ƙasa. Ya ƙi karɓar ko sisi, kuma ya yi kwana biyu ba ya iya cin abinci.

Ya ce, "Irin na Baba?"

Na ce, "Irinsa. An hana ni shinkafa da taliya, sai ɗan kaɗan."

"Tun yaushe?"

Na faɗa masa. Sai ya taso mini da faɗa, irin wanda rabona da ji tun muna samari. Ni wane irin mutum ne, ina ɗauke da wannan ina zaune kusa da shi kullum? Shi yana can yana cewa ƙarin girma ne ya sa na raina gidansa, har iyalinsa ta yi kuka ta ce ko wani abu aka gani a girkinta. Na bar shi ya gama, domin yana da gaskiya.

Da ya huce ya ce, "Kai da shinkafa kuwa, yaya za ka yi? Abin da ka fi so a duniya."

Tunda ranar tonon asiri ce, na ce bari in ƙarasa. Na ce, "Tela, ni fa shinkafa da mai da yaji ba ta dame ni ba. Ban taɓa sonta ba. Ina ci ne don kada kwanonka ya koma da saura."

Sai ya koma ya zauna, ya dafe kai, kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce, kodayake da ya ɗago idonsa ya yi ja.

Ya ce, "Akawu, mu a gida ba ma cin ta."

Ban gane ba, sai da ya warware mini. Su abincinsu na dare kwaɗon zogale ne, ko na rama, ko dambu, wani lokaci fate. A tsakar gidansu akwai bishiyar zogale biyu. Kunya ce ta hana shi fito da kwaɗo ya ajiye kusa da kwanon Alhaji, sai ya sa ake ɗora wata 'yar tukunya daban ta shinkafa saboda waje kawai. Sau da yawa iyalinsa ta ce a daina, abin yana yi musu nauyi, yara ma suna kallo ana fita da ita. Shi kuma ya ce a'a, Akawu zai nema.

Ya ce, "Saboda kai ake dafa ta. Shekara nawa."

Na ji kunya, na ji tausayinsa, na ji tausayin kaina, ga wani haushi na shekarun da muka ɓata kowa yana rufa wa ɗan'uwansa asirin da babu shi. Na sa takalmina na ce, "Yau ka fito da abin da kuke ci."

Ya ce, "Gaban Alhaji?"

Na ce, "Ni zan faɗi nawa a gaban Direba. Wanne ya fi wuya?"

Bayan magariba, kafin a buɗe kwano ko ɗaya, na ce ina da magana. Na faɗa musu a taƙaice, ban yi wa muryata kwalliya ba. Abin da na ji tsoro kuwa ya faru nan take: Direba ya ce akwai wani mai magani a Unguwa Uku, kwana bakwai suga ya bi iska. Na ce masa na gode, ya riƙe abinsa. Malamin makaranta ya yi mini sannu har sau uku, na ji kamar in tashi. Amma ban mutu ba. Alhaji ya yi addu'a, sannan ya ce daga yau an ɗauke wa Akawu dokar kwano, inda ya ga zai iya ya sa hannu, inda ya tsallake kada wanda ya ƙullace shi.

Sai ga Tela ya fito daga lungu da kwanonsa, yana tafe kamar mai zuwa kotu. Ya ajiye a ƙarshen layi. Alhaji ya tsallake sauran ya janyo shi farko, ya ɗaga murfi. Zogale ne kore shar, an murza masa ƙuli-ƙuli, ga albasa da tumatir.

Direba ya leƙa ya ce, "Yau kuma kiwo za mu yi?"

Alhaji ya yi bismilla ya kai loma, ya tauna, ya ƙara. Ya ce rabonsa da kwaɗo irin wannan tun mahaifiyarsa na da rai, a gidansa in ya nema sai a ce ba girmansa ba ne. Kafin in yi loma huɗu hannaye sun yi yawa a kwanon, har da na mai maganar kiwo. Dole na daki hannun Direba na ce, "Malam, wannan fa maganina ne, ka koma kan tuwonka." Ranar kwanon Tela ne ya fara ƙarewa, kuma ba ni na share shi ba.

Ba zan ce dakalin ya canza gaba ɗaya ba. Direba har gobe yana zuwa da lemonsa, yana buɗewa a gabana da gangan yana lumshe ido. Tuwon Alhaji in an ɗaga murfi har yanzu sai na haɗiyi yawu na kau da kai. Akwai ranakun da nake jin hannuna yana tafiya da kansa, sai in ga Tela ya janye kwanon daga gabana ba tare da ya katse hirarsa ba. Ina shan maganina, ina taka ƙafata zuwa Tarauni in dawo. Yatsun nan biyu ba su farfaɗo ba, likita ta ce kada in sa rai. Sauran kuwa suna nan, kullum da safe sai na duba su ɗaya bayan ɗaya.

Da sallah ta matso na kai wa Tela yadi ya ɗinka mini wando. Ya san awona a ka, amma ya ce in miƙe. Ya durƙusa da tef ɗinsa ya auna ƙafar dama daga ƙugu har idon sawu, ya rubuta. Na ɗauka ya gama, sai ya zagayo ya auna ta hagu, abin da tela ba ya yi, ita ma ya rubuta a ƙarƙashin ta farko.

Ya ce, "Ƙafa biyu zan ɗinka, Akawu. Kada ka sake ka dawo mini da shi gyara."

Na ce, "Ba zan dawo da shi ba."

Ya ɗauki almakashi ya fara yanka.